Shatin Yatsan Maigida

Akwai wata malamar lissafi da har yau ba ta manta da ranar Asabar, tara ga watan Agusta ba. Gari ya waye da yayyafi, ƙawarta mai zane ta zo ta kafa allonta a barandar gidan.

Tun suna makarantar kwana suke tare. Malama ba ta san komai a harkar zane ba, ko da'ira ba ta iya yi sai ta kifa kofi. Amma duk zanen da ƙawar ta gama, ita ce mai fara gani. Takan tsaya, hannu a baya, can ta ce, "Kai, Ƴar Fenti! Allah ya kare wannan hannu."

Ita kuma ta yi dariya ta ce, "Uwar Lissafi, ke ko bango na shafa sai kin yaba."

Ran nan barandar ta zana: tukunyar furen da ta tsage, da mijin Malama zaune a kujera da bargo a ƙafa, don a lokacin jinya ta fara cin jikinsa. Da ta gama, ya lallaɓo ya leƙa.

"Ni ne wannan? Ƙanwata, har tumbina kin dawo min da shi!"

"Yaya, kar ka taɓa, bai bushe ba!"

Ina! Ya riga ya ɗora babban yatsansa a kusurwar ƙasa. Ya dubi fentin da ya maƙale masa, ya ce, "Shi ke nan, ni ma na sa hannu."

Ƴar Fenti ta ce za ta gyara, Malama ta ce a bar shi haka. Sai Ƴar Fenti ta miƙa mata zanen ta ce, "Naki ne har abada."

Kafin damina ta zagayo, maigidan ya rasu.

Malama ba mai kuka a gaban mutane ba ce. Ta rataye zanen a falo, kusa da ƙofa. Kullum da safe, idan ta ɗauki jakarta za ta tafi makaranta, sai ta ɗora yatsanta a kan shatin nasa, sannan ta fita. Ba wanda ta taɓa gaya wa.

Ana haka sunan Ƴar Fenti ya fara fita. Aka gayyace ta baje kolin zane-zane a wani babban zaure, ta zo aron zanen barandar.

"Mako biyu kawai, ƙawata. Bari duniya ta ga Yaya."

Malama ta ji kamar ta hana, amma ta sauke shi da hannunta.

Bayan wata guda aka dawo mata da shi cikin sabon firam mai sheƙi. Ta mayar da shi wurinsa. Washegari ta ɗauki jaka, ta kai yatsa kusurwar ƙasa, sai ta ji wurin sumul. Ta sa tabarau ta duba. Ga tukunya, ga bargo, ga kujera. Shatin yatsa babu.

Ran nan ba ta je makaranta ba, ɗakin aikin ƙawarta ta nufa. Ta same ta tana wanke burushi.

"Ina zanena?"

"Ba ga shi can a falonki ba?"

"Ina yatsan Baban yara?"

Ƴar Fenti ta ci gaba da murza burushi. Can ta ce, "Wani likita ne ya nace sai ya saya. Irin mutanen da in suka rataye aikinka, ƙofofi ke buɗewa. Na zauna na sake miki wani, wallahi ya fi na farko kyau."

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Da kin hana. Kuma tsakani da Allah, ban ɗauka za ki gane ba. Ke da ba ki san zane ba? Wancan tabon ai ɓarna ce. Na ma ce wa likitan zan je in goge masa."

Malama ta dube ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Haka ne, ban san zane ba." Ta juya ta fita.

Kwana biyu tsakani, Ƴar Fenti ta gama sabon aiki, kuma kamar yadda ta saba, ƙafarta ta kawo ta gidan Malama. Ta jingina shi da bango ta yaye ƙyallen. Malama ta kawo mata ruwa, ta tambayi lafiyar yara, ta zauna tana duba takardun ɗalibai.

"Uwar Lissafi, ba ki ce komai ba."

"Kai wa masana, Ƴar Fenti. Su za su gane."

"Su ai kowa da abin da yake nema a wurina. Ke ce kaɗai..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya tana jiran hannun nan ya koma baya, tana jiran addu'ar nan da ta saba ji. Jan biro kawai ke tafiya a kan takarda. Daga ƙarshe ta rufe zanenta ta ɗauka.

Malama ta karɓi adireshin likitan a wurin masu zauren. Ta rubuta wasiƙa ta yaga, ta sake ta yaga. Ta ƙarshen gajeriya ce:

"Ranka ya daɗe, mutumin da ke zaune a zanen da ka saya mijina ne, Allah ya yi masa rasuwa. Shatin da ke kusurwar ƙasa yatsansa ne. Ko waye ya ce zai gyara maka, don Allah kar ka bari a goge."

Da safe ta ɗauki jakarta, ta wuce zanen da ke rataye a falo ba ta taɓa shi ba. Ta biya gidan waya, ta manna kan sarki, ta jefa wasiƙar a akwati.

Darasi: Wanda yake yaba aikinka don yana ƙaunarka, kada ka ɗauke shi marar ido. Idan ka ci amanarsa don ka ga ba zai gane ba, za ka samu masu saye, amma ka rasa mai duba ka da zuciya ɗaya. Ku tura wa wanda ya tsaya muku tun ba a san ku ba.