Kwamfutar Ubaidullahi a Shagona

Shaihinmu, Allah ya ƙara masa yarda ya haskaka makwancinsa, kogi ne a fiƙihu da nahawu da ilimin gado, mai tsantseni da yawan azumi, wanda bai taɓa ɗaga murya a kan ɗalibi ba, kuma duk wanda ya zauna a zaurensa da ke kusa da Hubbare ya san cewa shirunsa ma karatu ne. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ya hane mu tun yana raye. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma abin kunyata ne, amma ɓoye shi ɓoye falalar bawan Allah ne.

Ni Lawwali, mai gyaran kwamfuta a Sama Road, na shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar karatu a gabansa kafin Ubaidullahi ya zo. Malamin makaranta ne daga Wurno, mai sanyin hali, mai saurin hannu. Shi ya fara rubuta bayanan Malam a kan rabon gado, waɗanda ba a taɓa tattara su ba, yana komawa gida yana shigar da su cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur. Cikin shekara huɗu ya zama shi ne a hannun daman Malam, shi ake tambaya ko ya rubuta, shi ake miƙa wa ragowar furar Malam. Ni da na riga shi, ni da kwamfuta take sana'ata, ina can bakin ƙofa wajen takalma. Na kan gaishe shi da fara'a, alhali hassada tana cina.

Wata Laraba da hantsi sai ga shi a shagona, rungume da kwamfutar, idanunsa sun yi ja. Tana cikin sabunta babbar manhajarta aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita kuwa ta ƙi tashi, sai shuɗin allo. Takardun da ya rubuta da hannu ruwan damina ya ci su tun bara, kuma bai ajiye aikin ko'ina ba.

"Malam Lawwali, ka taimake ni don Allah," in ji shi. "Shekara huɗu na cikin wagga aba."

Na ce ya bar ta. Allah ya sani, da ya juya baya daɗi na ji.

Duk da haka na gwada, don kada sana'ata ta ji kunya. Kwana biyu ina tayar da ita ta fulashi, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ina sa ta gyara kanta, tana hawa zuwa kashi ashirin da bakwai ta tsaya cik. Na cire faifan ajiyarta na haɗa da wata kwamfutar, aka nuna mini babu komai a ciki. A nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Na ce a raina, ai na yi iyakar ƙoƙarina, bari in yi mata fomatin, wato in share komai in zuba sabuwar manhaja, in ce masa ƙaddara ce. Na san akwai masu kayan aikin da suka fi nawa, waɗanda watakila su ceto wani abu in ba a share ba, amma ban yi niyyar gaya masa ba. Har na hango shi ya koma bakin ƙofa tare da ni.

Ranar Asabar bayan azahar na mayar da faifan, na kai inda ake tambaya ko a share. Na ɗora yatsa ke nan sai na ji sallama. Malam ne tsaye da sandarsa, shi kaɗai, mutumin da a iya sanina bai taɓa taka Sama Road ba, kuma ban taɓa kwatanta masa shagona ba. Na zube ƙasa ina gaisuwa.

Ya dubi allon, shi da bai san harafin boko ba, ya ce a hankali, "Lawwali, mi kaka shirin yi da amanar ɗan'uwanka?"

Sai ya ƙara da cewa:

"Ɗauke hannunka. Yi mai addu'a da sunanai, ka roƙi Allah shi ɗaukaka shi bisa gare ka, sannan ka kunna."

Wallahi ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin wannan addu'a ba. Sau biyu ina farawa ina tsayawa a kan sunan, Malam yana tsaye yana jan carbi, bai matsa mini ba. A na uku na faɗe ta, hawaye suna zuba, rabin zuciyata tana ƙi. Na kashe kwamfutar na kunna. Ban ƙara mata komai ba, ban canza ko waya ɗaya ba. Gyaran ya hau, ya kai ashirin da bakwai, ya wuce, ya cika ɗari, ta buɗe. Babi arba'in da uku suna nan, har layin da yake rubutawa lokacin da wuta ta ɗauke.

Da na ɗago, Malam ya ce, "Wagga ta gyaru. Taka zuciya kuwa, sai ka yi ta wannan addu'a kullum." Ya yi sallama ya tafi.

Washegari a zaure Ubaidullahi ya riƙe hannuna yana ta godiya a gaban jama'a, Malam ya ce Allah shi yi wa Lawwali albarka, bai ƙara ko kalma ba. Har ya koma ga Ubangijinsa bai gaya wa kowa ba, bai kuma canza mini fuska ba. Hassadar ba ta fita a ranar ba. Ta kai shekara biyu tana motsi duk lokacin da aka yabi Ubaidullahi, ina danne ta da addu'ar nan. Kafin in rubuta wannan na je gidansa na faɗa masa komai. Ya ce ya yafe, muka yi wa Malam kuka tare.

Tsarki ya tabbata ga wanda yake sanar da bayinsa na gari abin da ƙiraza suka ɓoye, ya kuma hore musu suturta shi. Ya Allah ka jiƙan Shaihinmu, ka ɗaukaka darajarsa, ka ƙara wa Ubaidullahi ɗaukaka, ni kuma ka wanke mini zuciya, ka sa albarkar Malam ta riske mu duniya da lahira. Amin.