Matmurar Gidan Sodangi

A wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki an yi wani mutum mai suna Sodangi. Ba malalaci ba ne, amma akwai shi da ci da zuci, kuma in ya ƙudurta abu ko waliyyi bai isa ya tanƙwara shi ba.

Wata shekara ya ce zai kafa tahuna, wato injin niƙa. Ya auna kuɗin inji, da bel, da rumfa, da man da za a zuba, har tabarmar da mata za su zauna bai manta ba. Bakunan da ke cikin gidansa kaɗai ya tsallake.

Matarsa Muhsina ta ce, "Baban Hafsa, mu fa? Mi za mu ci kafin tahunar ta fara kawo gurush, ko da kuɗin cefane ne?"

"Halas, ya isa, bar wannan magana. Daga ranar farko ita za ta ci da mu."

Kuɗin dai ba su kai ba. A tsakar gidan kuwa akwai matmura, ramin da ake binne dawar shekara, wanda ba a buɗewa sai damina ta yi nisa. Ranar da matan gidan suka tafi bikin suna a garin Abu Na'ama, Sodangi ya tone ramin, ya sayar da dawar kakaf. Ya jera itace a baki, ya shimfiɗa tabarma, ya mayar da ƙasa ya daddale.

Tahuna ta fara aiki da faɗuwar ruwa, lokacin da hatsi ya yi ƙaranci a kowane gida. Masu niƙa kaɗan ne. Abin da aka samu da safe cefane ya cinye shi da rana, ba a bar na mai ba. Laka ta rufe hanya, mai ya yi tsada, injin ya yi shiru.

Sai tsakar gidan ta fara canzawa. Kaji suka daina bi ta kan matmurar. Ƙasar wurin ta riƙa lotsawa a hankali, da'ira sak, kamar bakin tulu. In rana ta take, wani sanyi mai warin ruɓa yakan taso daga wurin. Tsoro ya kama Sodangi, ya koma bin gefen katanga in zai fita.

Mahaifiyarsa Mero, wadda idonta ya mutu, ta buga sandarta a wurin ta saurara.

"Sodangi, ƙasar ga tana amsa mini."

"Ruwan sama ne, Inna."

Da garin tuwo na ƙarshe ya ƙare, Hafsa ta wuni tana kukan yunwa. Mero ta aika aka kira ƙanen mijinta Alhasan ya buɗe ramin. Sara ɗaya ya yi, fartanyar ta zurma. Baƙin ruwa ne kwance a ƙasa, kwaɗi sun ɗago kai suna kallon mutane, ko motsi ba sa yi.

"Ina hatsin ya kai?" in ji Mero.

Muhsina ta gaya mata babu ko ƙwaya, sai ruwa.

Alhasan ya ce, "Yaya, bari in mayar da ƙasa."

"A'a, ku bar shi buɗe. Ɗana ya rage wa masu haƙa kabarina aiki."

Aka sayar da injin ga wani ɗan kasuwa daga garin Hasahisa a wulaƙance, Sodangi da Muhsina suka koma ƙwadago a gonakin mutane. Mero takan tura wa jikarta rabonta ta ce ta ƙoshi. Ba ta kai lokacin kaka ba, ta rasu.

Mai karatu, in za ka kafa sana'a, ka auna kuɗinta daban, ka auna na gidanka daban, har zuwa ranar da za ta tsaya da ƙafarta. Sabuwar sana'a ci take yi kafin ta ciyar. Abincin iyali kuwa ba jari ba ne, kada ka taɓa shi.