Ƙararrawar da Nosa Ya Wanke

Akwai wata baiwar Allah a Layin Igun na birnin Benin, layin maƙeran tagulla, sunanta Esohe. Gasasshiyar ayaba take sayarwa a bakin titi. Mijinta Aigbedion ya shekara arba'in yana zuba narkakkiyar tagulla, kuma duk layin an san ba a yi masa gardama a kan ƙarfe. Kallo ɗaya zai yi wa abu ya ce maka tsoho ne ko na jiya.

Ɗansu namiji guda ɗaya ne, Nosa, shekararsa ashirin da huɗu.

A ɗakin kakanninsu akwai ƙararrawa uku na gado, duk sun yi baƙi ƙirin don tsufa. Ana saura kwana uku bikin ƙarshen shekara, Nosa ya ɗauko ƙaramar, ya roƙi uwarsa lemon tsami da toka, ya zauna bayan gida ya dirje ta har tana ɗaukar ido. A tunaninsa zai burge ubansa.

Aigbedion na shiga ɗakin ya fito da ita a hannu.

"Nosa! Ina ƙararrawar ubana?"

"Ai ga ta a hannunka, Baba. Wanke ta na yi."

"Ni za ka raina wa hankali? Wannan launin kan famfo ne! Ka sayar wa dillalan da ke kai wa Turawa, ka zuba sabuwa ka ajiye mini."

Esohe ta taso da sauri. "Baban Nosa, wallahi ni na ba shi lemon da hannuna."

"Ke da ko bakin maƙera ba a bari ki taka, yaushe kika san ƙarfe? Koma wajen ayabarki."

Ta koma wajen ayabarta. Tsoronsa take ji, kuma ta ɗauka zuwa gobe zai huce.

Bai huce ba. Ya tara dattawan layin ya kira ɗansa ɓarawo a gabansu. Babu maƙerin da ya ƙara ba Nosa aiki. In ya wuce, samari su ce, "Dillali, yau me za ka sayar mana?" Bayan wata biyu ya bi wasu abokai hanyar Libiya.

Ranar tafiyar ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Mama, ke dai kin san ban ɗauka ba."

"Na sani, ɗana."

"To ya ishe ni."

Shekarar farko yana kiranta jefi-jefi daga garin Sabha na Libiya. Daga nan lambar ta daina shiga. Duk ranar Lahadi Esohe sai ta ɓuya bayan gida ta gwada, don a gidan an hana ko ambaton sunansa.

Ana cikin shekara ta uku wasu masu bincike daga jami'a suka zo layin suna auna tsofaffin kayan gado. Shugabarsu wata mace ce, Dakta Itohan, da wata na'ura kamar bindigar wasan yara. Hasken na'urar irin na hoton ƙashi ne na asibiti. In an ɗora bakinta a jikin ƙarfe, kafin minti ɗaya ta rubuto abin da aka haɗa a ciki: jan ƙarfe kaza, tutiya kaza, dalma kaza.

Aigbedion ya yi dariya. "Abin da idona ke gani kyauta, shi kuka ɗauko wa na'ura? Bari in gwada ku."

Ya kwaso ƙararrawan nan uku ya jere a kan benci, bai ce komai a kansu ba. Mutane suka taru. Esohe ta bar ayabarta a kan wuta ta zo ta tsaya daga baya.

Dakta ta auna ta farko, ta auna ta biyu. Ta zo kan mai ƙyallin, ta auna ciki da waje da hannun riƙewa.

"To 'yata, wacce ce jabun?" in ji shi yana kallon jama'a.

"Baba, na'urar ba ta faɗin shekara, abin da ke cikin ƙarfe take faɗa. Kayan da ake zubawa yanzu da tarkacen famfo da makulli, tutiyarsu takan yi yawa, kuma da wuya a rasa ɗan sanholo a ciki. Wannan babu shi. Haɗinta daidai yake da na 'yan'uwanta biyu, har dalmar. Tsohon ƙarfe ne. Wani ne dai ya goge mata baƙin."

"Sake aunawa."

Ta sake. Ya ce ta ƙara, ta ƙara. Lambobin ba su canza ba.

Dattawan da suka gyaɗa masa kai ranar nan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Aigbedion ya nemi wurin zama ya rasa, sai ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa.

Can ya ɗago yana neman matarsa da ido.

"Maman Nosa... kina da lambar yaron?"

Esohe ta kwance bakin zaninta ta ciro waya, ta latsa, ta miƙa masa.

Muryar kamfani ta ce lambar a kashe take.

Ya sake kira. Haka dai.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu kenan."

Bai sauke wayar daga kunnensa ba. A gaban duk mutanen layin, mutumin da ba a taɓa jin ya ba wani haƙuri ba ya riƙa magana cikin wayar da ba kowa a ciki.

"Nosa, Babanka ne. An auna. Tamu ce. Ka dawo gida."

Har yau Esohe ba ta san ko ɗanta na raye ba. Ranar Lahadi yanzu su biyu suke zama su gwada lambar.

Darasi: Komai ƙwarewarka, idonka zai iya kuskure. Kada ka yanke wa ɗanka hukunci kafin ka bincika, kuma kada ka raina shaidar wanda kake ganin bai kai ba. Mu kuma iyaye mata, in mun san gaskiyar 'ya'yanmu, kada tsoro ya rufe mana baki, mu yi ta faɗa har a ji. Don Allah ku tura wa sauran iyaye, ko wani zai kira ɗansa yau tun wayar na shiga.