Shekarar da Gafiya ta Shuka Matashin Kai

An yi wata Gafiya mai son a ce ta fi kowa wayewa. Raminta yana gindin wani tsohon rimi. Maƙwabtanta su ne Bushiya, wadda bakinta ya fi ƙayarta tsini, da Kurege, wanda ba a tauna komai a unguwar bai ji ba.

Duk bazara rimin yakan zubo da audugarsa. Dabbobi su kwashe, su tsince ƙwayar, su shanya, su bubbuge da kara, sannan su cusa a matasan kai. Idan audugar ta tsufa ta kwanta, sai a binne ta a gonar gyaɗa, damina ɗaya ƙasa ta cinye ta. Sai dai aikin akwai atishawa, ita kuwa Gafiya ta tsani a ga tana atishawa a gaban jama'a.

Wata rana ta je kiwo jujin bayan gari, ta tarar an zubar da tsofaffin matasai, cikinsu wani farin zare mai sheƙi, irin audugar roba da ake yi a masana'anta. Kun dai san halinmu mu mutane, abin da ya ishe mu sai mu kai juji mu ce mun rabu da shi. Gafiya ta yi ta jida a kumatu har muƙamuƙinta ya yi tsami. Matashi ɗaya take bukata, amma sai da ta cika ɗaki.

Ta leƙo ta tarar da Bushiya tana bugun auduga, ta yi fari fat har gira.

"Sannu da wahala, Yaya Bushiya," in ji Gafiya. "Ni kam na yi bankwana da kayan ƙauye. Nawa ba tsinta, ba bugu, ba ƙwaro. In na wanke, kafin in juya ya bushe."

"To, Allah ya sanya alheri," in ji Bushiya. "In ya tsufa fa, ina za ki kai shi?"

"Tsufa? Wannan ai ba ya tsufa!"

A nan kam ta faɗi gaskiya, ba ta dai san irin gaskiyar da ta faɗa ba.

Da zafi ya tsananta, matashin ya fara nuna hali. Iska ba ta ratsa shi, sai Gafiya ta farka jage-jage da gumi. Zaren ya dunƙule, nan tudu, can rami, har wuyanta ya sage ya karkace gefe guda.

"Hajiya, me ya sami wuyan?" in ji Kurege.

"Ba komai, Malam Kurege. Haka matan birni suke kallon mutane."

Ta koma ɗaki tana cizon yatsa. Abin ya ishe ta, amma in ta fito da shi Kurege zai gani, in Kurege ya gani kuwa unguwa ta gani. Ita ko ta gwammace ciwon wuya da dariyar Bushiya.

Sai dabara ta faɗo mata, dabarar nan ta binne tsohuwar auduga. Da tsakar rana, kowa ya fake a inuwa, ta jide zaren kaf ta binne a gonar gyaɗarta. Ta ce a ranta, "Damina ɗaya ƙasa ta rufa mini asiri, in kuma sami taki." Har daɗi ta ji don wayonta. Ta yi shuka a kai, ta ci gaba da kwana a kan hannunta tana yabon matashin da babu shi.

Kaka ta yi, ta kira gayyar cirar gyaɗa. Kurege ya kama tushen farko ya ja, sai ga farin zare ya biyo saiwar, yana sheƙinsa kamar jiya aka binne shi. Ya ja na biyu, haka. Gyaɗar ta sarƙe a cikin zaren, ba ta sami ƙasa ba, kwanson duk fanko.



"Hajiya," in ji Bushiya a hankali, "wannan wane irin iri ne?"

Gafiya ta dubi gonar, ta tuna rumbunta da babu komai a ciki, ƙwalla ta cika mata ido. Ta nemi ƙaryar da za ta yi ta rasa.

"Matashi ne, Yaya," ta ce. "Kowa ya shuka gyaɗa, ni mai wayewa na shuka matashi. Ga shi kuwa ya yi kyau, ko zare ɗaya bai ɓata ba. Ku ɗiba, ni ban san yadda ake miya da shi ba."

Aka kwashe da dariya har Kurege yana birgima. Bushiya ta yi tata dariyar ta more, sannan ta aiko mata da gyaɗa a ƙoƙo. Gafiya ta ci, ta kuma san kowace ƙwaya da labarinta za ta zagaye unguwa.

Darasin da za ku tsinta a nan, yara, shi ne: kafin ku shigo da abu gida, ku tambayi inda zai je ranar da kuka gama da shi. Abin da ƙasa ta bayar tana karɓar abinta, amma roba ba ta san ta ba, ajiya kawai take yi mana. Gafiya dai har yau duk damina tana tsintar farin zare a gonarta.