Auta, Kyanwar Mai Turare

Dalilin da ya sa kyanwa take komawa gefe ta hau lasar jikinta da zarar kun ɗauke hannu daga bayanta, ba ƙyama ba ce, ba kuma raini ba ne. Ke Ummita, daina tura baki don ta lashe inda kika shafa, hannunki bai yi mata komai ba. Kai kuma Bashari, sakar mata wutsiya tun ba ta yi maka zane a hannu ba. Ku matso ku ji yadda abin ya faro.

A zamanin da, kyanwa ba ta san lasar jiki ba sam. Harshenta sumul yake kamar naku, ba ya aikin komai sai shan nono da magana, don a lokacin tana hira da mutane kamar yadda nake yi da ku yanzu. In ta ji datti a jikinta, sai ta yi birgima a yashi ta karkaɗe, wanka ya ƙare.

To, a wani ƙauye akwai wata mata da ake kira Inna Yalwa, sana'arta haɗa turare. Turaren wuta ne, humra ce, babu wanda ba ta iya ba, kuma ba a kai amarya a ƙauyen nan sai an biyo ta gidanta. Mijinta Nomau manomi ne, ba ya da yawan magana, amma in ya faɗi abu ya zauna. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse. Abin da ya rage musu a tsakar gida sai wata kyanwa fara mai ɗigon baƙi a goshi, wadda Inna Yalwa ta tsinta tana jaririya a bakin rijiya, ta raine ta da nonon akuya, ta sa mata suna Auta.

Inna Yalwa tana son Auta, so na gaske. Mai turare kuwa da turare take nuna ƙauna. Duk ranar da ta haɗa sabuwar humra, kafin wani mai saye ya shinshina, sai ta lakato ta shafa wa Auta a wuya da bayan kunne. In ta kifa kwando a kan kaskon wuta tana turara tufafi, sai ta ɗauki Auta ta ɗora a saman tufafin ta sha ɗumi.

"'Yar gidan mai turare ba ta yawo da warin gashi," in ji ta.

Auta kuwa sai ta lumshe ido ta ce, "Na gode, Inna."

Ana nan, wata shekara damina ta yi gardama, amfanin gona bai zo da yawa ba. Nomau ya zaɓi zangarniyar gero mafi kyau ya zuba a ƙaramin rumbu, ya kira Auta ya nuna mata.

"Wannan iri ne," ya ce. "Ko yunwa za ta kwantar da mu ba a taɓa shi. Ki tsare mini shi daga ɓeraye."

Auta ta ce ta ji. Ta yi laɓe, ta yi sanɗa, ta yi kwanton ɓauna har ƙafafunta suka yi tsami, amma ko wutsiyar ɓera ba ta kama ba. Kafin ta iso rumbu, wurin ya yi tsit. Tana juya baya sai ta ji ƙus-ƙus. Ɓerayen suka raina ta har suka koma cin gero da rana tsaka. Kullum Nomau ya leƙa rumbu sai ya tarar da zangarniya an gwigwiye, ga kashin ɓera ko'ina.

Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya ce wa matarsa, "Yalwa, in irin nan bai kai ruwan shuka ba, kyanwar nan buhu zan sa ta, in kai ta hayin kogi in sake ta."

Auta tana ƙarƙashin gado, ta ji komai. Ba ta san wani gida ba sai wannan.

Wata rana da azahar ta laɓe a bayan turmi, nesa da rumbu, iska kuma ta juya tana kaɗowa daga rumbun zuwa wajenta. Sai ta ji ɓerayen suna waƙa. Shugabansu, wani tsohon ɓera mai guntuwar wutsiya da suke kira Guntu, shi ke bayarwa, sauran suna amshi:

"Ga amarya nan tafe,
Ƙamshi ya riga ta isowa.
Ku ci gero, ku yi wasa,
In ta matso hanci zai faɗa mana."

Nan Auta ta gane. Ashe ƙamshin da ke jikinta ne yake yi musu shela tun tana zaure.

Ku da kuke da wayo, me ya kamata ta yi? Ta je ta gaya wa Inna Yalwa, ko ba haka ba? Magana ɗaya ce, da ta wuce. Amma Auta tarbiyyar gida ce da ita, ga kunya, ga kara. Ta ce a ranta, "Yaya zan dubi idon matar da ta ɗura mini nono ina jaririya, in ce mata turarenki ne yake neman raba ni da gidan nan?" Ni dai irin wannan kara haushi take ba ni, don na ga inda ta kai mutane.

Sai ta nemi magani a ɓoye. Ta je ta yi birgima a yashi, ƙamshi bai tafi ba. Humrar Inna Yalwa ce fa, wadda ko zane aka wanke sai ta ƙi fita. Da ta rasa dabara, sai ta zaro harshe ta lashi kafaɗarta. Wannan ita ce lasar farko da kyanwa ta taɓa yi a duniya. Ɗaci ya gauraye mata baki, ta yamutsa fuska, amma da ta shinshina wurin sai ta ji ƙamshin ya ragu.

Daga ranar ta samu aiki. Da safe Inna ta shafa mata turare, ta ce na gode, ta zagaya bayan rumbu ta hau lasa. Kafin ta gama an sake shafa wani. Ta bar barci, ta bar wasa, abinci ma sai ta tsakura. Harshenta ya yi kanta, ya yi kaushi. Gashi ya fara bin harshen yana fita, na ciki ya zube, na cinyoyi ya biyo, har fata ta fito ja-ja-wur.

Da Inna Yalwa ta ɗaga ta ta ga cikinta, sai da ta yi salati ta fashe da kuka. Maƙwabta suka taru, kowa ya zama mai magani. Wannan ta ce man shanu da tafarnuwa. Waccan ta ce a'a, man kaɗanya da citta. Inna ba ta bar ko ɗaya ba, duk ta shafa. Auta ta ce na gode, ta koma bayan rumbu, lasa ta ƙaru. Ɓerayen kuwa har da sabon baiti: jiya amarya ce, yau ta koma tukunyar miya.

Gashin da yake zuba, Inna ba ta bari tsintsiya ta kwashe shi ba. Bi take yi tana tsincewa, tana cusawa a tsagar katanga, inda take ɓoye nata gashin in ta tsefe kai, kamar yadda mata suke yi don kada ya faɗa mugun hannu.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ƙasa ta fara ƙamshin ruwa. Nomau ya leƙa rumbu ya ga abin da ya rage bai fi ya cika faifai biyu ba. Ya dubi Auta, duk ta zama abin tausayi, ya ce, "Ga rashin aiki, ga ƙazuwa." Ya ɗauko tsohon buhun gero ya rataye a bakin ƙofa. "Gobe in zan tafi hayi da ita zan tafi."

"Malam, ka yi wa Allah," in ji Inna Yalwa.

Ya ɗauki fartanya ya fita.

Da la'asar Inna ta haɗa wani sabon magani a kasko, ta shiga neman Auta. Ta duba ɗaki babu, ta duba madafa babu. Ta zagaya bayan rumbu, sai ga Auta a duƙe tana lasar fatar da ba gashi, hawaye na zuba. Kafin Inna ta yi magana, waƙa ta tashi daga cikin rumbu:

"Allah ya ja kwanan Inna Yalwa,
Turarenta shi ne mai gadinmu."

Kaskon ya suɓuce daga hannunta ya fashe. Ɓeraye suka yi tsit. Inna ta zauna daɓas a ƙasa.

"Auta," ta ce, "tun yaushe kika sani?"

"An daɗe, Inna."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kunyarki na ji. Na ga yadda kike murna in kin shafa mini."

"Kunya? Kin cinye gashin jikinki saboda kunya? Da na wayi gari ba ki a gidan nan, da turaren me zan yi?"

Ranta ya ɓaci ƙwarai, da kanta da Autar duka. Amma Inna Yalwa ba mace ce mai zama tana kuka ba. Ta share ido da bakin zane, ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan tsagar katanga inda farin gashi yake leƙowa. Sai ta yi murmushi. Ta san abin da ɓera bai sani ba, cewa babu abin da yake riƙe ƙamshi kamar gashi.

"Ba hanci suke taƙama da shi ba?" ta ce a hankali. "To, za su sha ƙamshi."

Da Nomau ya dawo ta ja shi gefe ta gaya masa komai. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce, "Sau ɗaya. In bai yi ba, maganata tana nan."

Washegari da hantsi Inna ta zaro gashin nan duka daga katanga, ta jiƙa shi da humrarta mafi ƙarfi, ta dunƙule shi a tsumma, ta ɗora a kan kwandon turare can bakin zaure, nesa da rumbu. Auta kuwa ba ta taɓa ta ba, don hannun mai turare ba ya rabuwa da ƙamshi. Nomau ne, da hannunsa da bai san komai ba sai ƙasa, ya ɗebo turɓayar gindin rumbu ya goge mata jiki a hankali. Sannan ya sauko da buhun nan da ya rataye don ya yar da ita. Auta ta dube shi, ta dubi Inna, ta shiga da ƙafarta. Ya ɗauka ya ajiye a cikin rumbu, baki a buɗe, kamar buhun da aka manta.

Rana ta take, gida ya yi shiru. Guntu ya leƙo daga rami, ya ɗaga hanci ya ja iska.

"Amarya tana can zaure a kan kwando, tana shan ɗumi," ya ce. "Yau ma har an ƙara mata. Ku fito!"

Suka fito, manya da yara, har da waɗanda ba su taɓa fitowa da rana ba. Suka baje a kan ragowar irin. Wani ma a kan buhun ya hau ya zauna yana gyaran gashin baki. Guntu ya gyara murya ya ɗauko waƙa:

"Ga amarya nan ta..."

Bai ƙarasa ba. Buhu ya motsa, Auta ta fito kamar an harbo ta. Yara, ranar an yi ɓarin ɓeraye! Ta make wannan, ta danne wancan, masu neman rami suka toshe wa juna hanya. Guntu ya yi tsalle zai haye bango, ta cafe shi a sama. Waɗanda suka tsira ba su tsaya a unguwar ba, sai bayan gari.

Auta ta fito da Guntu a baki, ba gashi a ciki, ba gashi a cinya, amma tana taku ɗai-ɗai, wutsiya a sama. Ta ajiye shi a gaban Nomau. Inna Yalwa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa aka haifa. Nomau kuwa sai ya shiga rumbu ya ɗauko buhun, ya ninke shi, ya shimfiɗa a inuwa ya ce, "Ga wurin kwanciyarki."

Ruwa ya sauka, irin da ya rage ya isa shuka.

Amma Inna ta kasa taɓa Auta. Ta miƙa hannu sai ta janye, tana tsoron kada ta sake cutar da ita. Auta ce ta zo da kanta ta cusa kai a ƙarƙashin tafin hannunta.

"Shafa ni, Inna, ina so," ta ce. "Sai dai in kin ɗauke hannu kika ga na lashe wurin, kada ranki ya ɓaci. Aikina ne yake buƙata."

"Na yarda," in ji Inna. "Ni ma ga nawa sharaɗin. Ki tsaya a gashi, kada ki ƙara kai wa fata. In wani abu ya dame ki, ki faɗa."

Auta ta sunkuyar da kai. "Faɗar ce ba na iyawa, Inna, halina ne. Amma duk ranar da kika ga gashina yana zuba, kada ki tsaya a jikina kawai. Ki duba gidan, akwai abin da ya hana ni sukuni."

A kan haka suka ƙulla. Kafin gero ya fitar da kai, gashin Auta ya dawo, ya fi na da laushi. Harshen ne kawai bai koma sumul ba, haka ta haifi 'ya'yanta da shi.

Shi ya sa har yanzu harshen kyanwa yake da kaushi, kuma ko sarki ne ya shafa ta sai ta lashe wurin. In kuka ga taku tana lasa har fata ta fito, ku tuna ba za ta buɗe baki ta faɗa muku ba. Ku duba ko ƙuma ce, ko wani abu aka shafa mata, ko wani mai jan wutsiya ne ya takura mata. Kai Bashari, da kai nake.

Ke kuma Ummita, share hawayenki. Kin gani? Ta gama lasar, ga ta nan ta dawo tana cusa kai a hannunki.