Inna Hanta da Kwalaben 'Yan Dubiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wani manomi ne, sunansa Barmo. A cikin cikinsa akwai gari guda, kuma uwar garin ita ce Inna Hanta. Gidanta na ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Duk abin da Barmo ya ci ko ya sha, ta hannunta yake bi. Ta tace, ta ajiye mai amfani, ta zubar da dafi. Ranar da ta kwanta, Barmo ya gama yawo.

Allah ya yi mata wata baiwa. Ko rabinta aka yanke, sai ta sake tsirowa. Shi ya sa take da taƙama, ba ta kuka, ba ta kai ƙara.

Damina ta faɗi, aiki ya yi yawa. Sai Barmo ya sayo ƙwayoyin kashe gajiya wurin mai talla, ya watsa a baki ba lissafi. Sai Tumbi, maƙwabcin Hanta, ya leƙo.

"Inna, ga baƙi nan, kuma da wuta suka zo!"

"Turo min su. Yau na fara ganin wuta?"

Ta tace su tas, amma gefenta ya ƙone. Sai naman da ya tsira ya shiga haihuwa, ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu, har gurbin ya cike. Ta kakkaɓe zane ta ce, "Ina ƙunar take?"

Barmo ya ji daɗin jikinsa. Sai wani aboki ya ce masa ai ƙwaya ba ta ci sai da jiƙon saiwa da sassaƙe. Sai ya haɗa duka, safe da yamma.

Tumbi ya ce, "Inna, ki yi magana mana. Mutumin nan bai san kina ciwo ba."

"Ni in yi kuka? Haƙori ce ni?"

To amma wannan karon ba a bar ta ta numfasa ba. Kafin nama ya tsiro, wata wutar ta iso. Sai ta shiga toshe ramuka da tabo, mai tauri kamar busasshiyar fata. Shi kuwa tabo ba ya tace komai.

Nan fa tsoro ya kama ta. Sai ta ɗebo ruwan matsarmama ta aika wa Ido, ta ce, "Shafa wannan, ka nuna wa duniya." Ido ya yi rawaya. Tasalla matar Barmo ta gani, ta dafa ƙirji.

"Malam, shawara ce!"

Sai 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da kwalbar jiƙonsa. Barmo kuwa sarkin kunya, yaya za a yi mutum ya tako har gida da magani a ƙi sha? Ya shanye duka. Kun ji fa, gida na ci da wuta, su suna kawo kananzir.

Hanta ta ce, "Tumbi, yau na sauke girman kai. Rufe ƙofa. Duk abin da ya shigo, mayar da shi inda ya fito."

Barmo ya yi ta amai, sai Tasalla ta kai shi asibiti. Likita ya ce, "Me yake sha?" Ta zazzage masa buhun kwalabe a gabansa.

"Baba, hantarka hutu take roƙo. Ka bar duk waɗannan, sai abin da na ba ka."

Suka dawo gida. 'Yan dubiya ba su fasa ba. Sai Tasalla ta karɓi kwalba hannu biyu, ta yi godiya har ƙasa, in baƙo ya fita ta tuttule ta a bayan rumbu.

Hanta ta samu hutu, sai nama ya shiga tsirowa. Ido ya yi fari. Kafin kaka, Barmo ya ɗauki lauje.

Ran nan Tumbi ya taɓa wurin nan mai tauri, ya ce, "Inna, wannan fa, yaushe zai tsiro?"

Abin ya yi wa Hanta ciwo. Sai ta ce, "Wannan ba zai tsiro ba. Ladan shiruna ke nan, da shi za mu je kabari ni da Barmo. Amma sauran ya ishe mu aiki. Turo tuwo."

Ƙurunƙus kan kusu ɓarawon gyaɗa. Mai warkar da kanta ma tana son a ba ta lokaci. In an miƙo muku kwalbar da ba ku san cikinta ba, ku yi godiya, ku tuna da bayan rumbu.