Gwauron Bana

A garin Tudun Gawo, azumi na kaiwa goma sai a kama gwauro, a rataya masa ludayi a wuya, a zaga gari da shi ana kiɗa. Bana kuwa gwauraye suka ji ƙishin-ƙishin, duk suka tsere ƙauye.

Dagaci ya kira Barmo mai kamun gwauro, ya ce, "Ko ka kawo gwauro kafin a sha ruwa, ko kai za a rataya wa ludayin!"

"Ranka ya daɗe, garin nan babu gwauro ko na magani."

"Ruwanka! Nemo shi."

"To, a faɗa mini gaban fadawa, kada in kamo mai mata. Wane ne gwauro?"

"Wanda ya kwana ba mace a gidansa, ya hura wutar sahur da bakinsa."

"Ko mai kuɗi ne?"

"Ko uban masu kuɗi!"

"Ko mai rawani?"

"Kai, ko ni ne!"

Barmo ya gyara durƙuso. "Allah ya ja zamaninka, ina uwargida Tasalla?"

"Tana gidansu, wankan jego."

"Wannan tokar da ke gemunka fa?"

Dagaci ya shafa gemu, ya dubi tafin hannunsa. Fadawa suka tuntsire da dariya, har rawanin wani ya kwance.

"Barmo, gobe-goben nan zan aika a dawo da ita."

"Gobe ta Allah ce, ranka ya daɗe. Kafin a sha ruwa ka ce."

Ya zaro ludayi daga aljihu, makaɗa suka saki ganga.